Ciwon kai da kasala a shagon ɗinki mai AC: ta ina za a fara gyara?

Tambaya: Ina da shagon ɗinki a Agege, tsawonsa ƙafa 30, faɗinsa ƙafa 15, daga ƙasa zuwa silin ƙafa 10. Mu 14 ne a ciki har da yara masu koyo. Bara na sa AC biyu, na toshe tagogi don sanyi ya zauna. Janareto yana lungun baya, dab da ƙofar bayan shago. Tun daga lokacin ma'aikata ke kukan ciwon kai da kasala, musamman bayan azahar, wasu kuma mura ta ƙi sakinsu. Makon jiya wani yaro ya yanke jiki ya faɗi, aka kai shi kemis aka ba shi maganin maleriya. Wasu na cewa sanyin AC ne. Ga shi wani kamfani da zai ba mu kwangilar yunifom ya ce sai mun kawo takardar tantance haɗarin wurin aiki. Ta ina zan fara?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya sa albarka a sana'a. Ka ajiye maganar AC da takardar kamfani tukuna, za mu zo kansu. Abin da ba zai jira gobe ba shi ne janareton da ke lungun nan. Yau ɗin nan a ɗauke shi daga bakin ƙofar.

Duk injin da ke cin fetur yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Warin da ake ji na ragowar hayaƙin ne, ita kanta hanci ba ya kama ta, don haka cewa "ai ba ma jin warin hayaƙi a ciki" ba hujja ba ce. Idan ta shiga huhu takan riga oksijin hawa jini, kuma riƙon da take yi wa jini ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Sai jini ya yi ta zagaya jiki hannu rabbana, bai kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke jira ba. Farkonta ciwon kai, jiri, hamma, mutuwar jiki, tashin zuciya. In ta yi yawa sai ruɗewa, sai suma, sai abin da ba a fata. Ana auna ta da ma'aunin ppm, wato kashi nawa take cikin kashi miliyan na iskar ɗaki. A Amurka iyakar da doka ta yarda ma'aikaci ya shaƙa a aikin awa 8 ita ce 50, a Birtaniya 20, daga 1,200 kuwa ana lissafin rai na cikin haɗari nan take. Ƙaramin janareto a wuri rufaffe yana iya kai iska wannan matakin cikin mintoci.

Ka ga alamomin sun yi kama da na maleriya, shi ya sa mai kemis ke miƙo magani a wuce wurin. Amma akwai abubuwan da ke raba su, kuma kai da ke zaune a shagon ka fi kowa damar ganinsu. Jiki ba ya zafi. Ciwon yakan kama mutum uku ko huɗu lokaci guda. In sun fita salla suka sha iska sai kai ya lafa, su dawo ya dawo. Ranar da Nepa ta wuni da wuta ba a cika kuka ba, ranar da inji ya wuni yana aiki kowa na neman farasitamol. Maleriya ba ta bin jadawalin wutar Ikeja Electric. A kai yaron asibiti ko da ya miƙe yana aiki, a faɗa wa likita ƙarara cewa ya suma ne kusa da hayaƙin janareto, domin wannan gubar kan bar mantuwa da ciwon kai da ke bayyana bayan kwanaki ko makonni. In kuma haka ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, a fito da kowa waje, a kashe inji, a buɗe ƙofofi, a kira 112 ko 767. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja kamar yadda ake yi a unguwanni, ba sa cire gubar, sai dai su sarƙe shi. Maganinta oksijin ne a asibiti: da iskar waje jiki kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabinta, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin ma tana ruɗuwa da ita, sai ta nuna lafiya lau alhali jini cike yake da guba.

Lokacin da ya fi ba ni tsoro a shagunan teloli shi ne goman ƙarshe na azumi da jajibirin babbar Sallah. Aiki ya taru, ana kwana ana ɗinki, inji ba ya hutawa, ciwon kai kowa ya ɗora wa azumi da rashin barci. Can ƙarfe uku na dare yara biyu su shimfiɗa yadi a ƙasan tebur su kwanta, wani ya janyo janareto ciki don ruwa ya sauko ko don tsoron ɓarayi, a ja ƙofa. Mai barci ba ya jin ciwon kai balle ya tashi ya fita. Irin labaran da ake ji na iyali guda sun kwanta ba su tashi ba, yawanci haka suke faruwa.

Ƙa'idar da masana lafiya ke bayarwa ita ce inji ya kasance a fili, aƙalla ƙafa 20 daga kowace ƙofa ko taga, kimanin mita 6 ke nan, bakin salansa yana kallon nesa da gini. Na san a Agege, inda gini ke jingine da gini, wannan ba ƙaramar magana ba ce. To a nemi abin da ya fi kusa da ita. A ƙera masa keji na ƙarfe mai kwaɗo da rufin kwano, gefunansa a buɗe, ka ga an kashe maganar ruwa da ta ɓarawo gaba ɗaya. Lungu mai bango hagu da dama ba fili ba ne ko da samansa a buɗe yake, hayaƙi kan taru a ciki ya nemi kafa. In dole sai an ƙara wa salansa bututu, ya zama na ƙarfe, ƙwararre ya haɗa, ya haura saman rufi, ba tiyo na roba da ake ɗaurewa da kyauro ba. Sannan ka zagaya bangon bayan nan da idonka: ramin da aka huda don bututun AC, sau da yawa masu sawa ba sa liƙe shi, hannu ma yana shiga. Ƙarƙashin ƙofa, tagar bayi, ramin waya, duk hanyoyi ne. Ka duba na maƙwabta ma, don hayaƙi bai san na wane ne ba. Ka sayi ƙararrawar kabon monoksaid mai batir, daban take da ta gobara, a kafa ta inda ake zama da inda ake kwana, a riƙa danna maɓallin gwajinta duk wata. In akwai dutsen guga na gawayi, shi ma wannan gubar yake fitarwa, wurinsa baranda. Takunkumin hanci kuwa, ko mai tsada ne irin na ƙura, ba ya tare ta ko kaɗan.

In hali ya samu nan gaba, inbata da batir ko sola su ɗauki fitilu da fanka da kekuna, musamman in an sauya wa kekunan irin moton da ba ya juyawa sai an taka. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 lissafin ma ya fara goyon bayan haka. Dutsen guga da AC ne masu cin wuta.

Yanzu ga AC. Sanyinta ba shi da laifin da ake ɗora masa, laifin na tagogin da aka toshe ne. Irin AC ɗin da muke sawa a shaguna, mai kai a ciki da inji a waje, ba ta shigo da iskar waje ko cokali guda. Abin da ke bi ta bututun nan gas ne na sanyaya, ba iska ba. Iskar ɗakin take zuƙa, ta sanyaya ta, ta mayar muku. Kamar mutum 14 ne su yi ta wanka da ruwan baho guda, an dai jefa masa ƙanƙara. Jiki na jin daɗi, shi ya sa ba a zargin komai.

Mu yi lissafi da awon da ka bayar. Ƙafa 30 sau 15 sau 10 ya ba da 4,500, wato kimanin lita 127,000 na iska. Mutum mai aiki a zaune yana fitar da kusan lita 20 na kabon dayoksaid a awa, wannan ita ce iskar da muke fitarwa a numfashi, kada a haɗa ta da waccan mai kisa. Ku 14 kuna zuba wajen lita 280 a awa. Da ɗakin a liƙe yake ruf, awa ɗaya ta isa ta ƙara fiye da 2,000 ppm a kan 420 da ke iskar waje. Ba ɗakin da ke liƙe ruf, ana shiga ana fita, amma ka ga inda aka dosa. Abin da ake so shi ne a zauna ƙasa da 1,000, in kuwa ma'auni na wuce 1,500 yana zama can, hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya na ɗaukar wurin a matsayin wanda iska ba ta wadace shi ba. A wannan matakin ba ta kisa, amma alama ce cewa duk wani abu da ke tashi a ɗakin yana nan bai fita ba: ƙurar yadi, tururin guga da sitati, warin sabuwar shadda, zufa, da ƙwayoyin murar wanda ya yi atishawa da safe. Nauyin kai da gyangyaɗin bayan azahar daga nan suke, murar da ke zagaye shago ba ta ƙarewa ma haka.

Dokar masana'antu ta ƙasa ta 1987 ta ce kada rabon kowane ma'aikaci a ɗakin aiki ya gaza ƙafa 400 in an ninka tsawo da faɗi da tsayi. Raba 4,500 ɗinka gida 400, mutum 11 ke nan. Kun yi yawa da mutum uku. Mai guga da teburinsa su koma baranda ko wani ɗaki, ka rage cunkoso, ka rage zafi da tururi a lokaci guda, AC ma ta huta.

Gyaran shi ne a yi wa iska mashiga da mafita. Ma'aunin da aka saba amfani da shi lita 10 ne na sabuwar iska a kowane sakan ga kowane mutum. Ga mutum 14, lita 140 a sakan, wanda a jikin kwalin fanka za ka ga an rubuta shi da kimanin 500 m³/h. Ka nemi fankar bango mai zuƙe iska ta fitar waje wadda lambarta ta ɗara haka, domin raga da ƙura kan rage mata ƙarfi. A kafa ta sama a bango guda, a buɗe mashiga a bangon da ke fuskantarsa, yadda iska za ta ratsa kan masu aiki kafin ta fita. Fankar silin ba ta wannan aikin, juya iskar ciki kawai take yi.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi rashin fankar muni. Fanka mai fitar da iska tana sa ɗaki ya riƙa zuƙo wata ta duk kafar da ya samu. In ba ka buɗe mata mashiga mai tsabta ba, kuma janareto na nan a lungu, to ta ƙarƙashin ƙofar baya za ta janyo, ka sayi fanka da kuɗinka tana ɗura muku hayaƙi. Shi ya sa na ce inji ne farko, fanka daga baya. Bayan an kafa, ka riƙe siririn zare ko ƙyallen yadi a bakin kowace kafa ka ga ina yake karkata. In a ƙofar baya yana karkatowa ciki, a liƙe ta da roba.

Za ka ce sanyi zai gudu, kuɗin mai zai ƙaru. Zai ƙaru kaɗan, gaskiya ne. Ka sa AC a 24 ko 25 maimakon 16, abin da ka rasa can ka maido shi nan. In fankar ba ta samu wannan watan ba, a riƙa buɗe ƙofa da taga minti goma duk awa, da kuma duk lokacin da aka fita salla ko cin abinci.

Iskar wajen ma ba ta kirki ba ce, kada in ruɗe ka. Rahoton Bankin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a shekarar 2018, kuma ƙurar nan mai laushi da ke kaiwa can cikin huhu ta kai 68 a ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya yanzu ke son kada ya wuce 5 a shekara. Motoci da janareto da ƙona shara su ne manyan masu laifi. Saboda haka mashigar iskar kada ta kalli titi inda danfo da Keke ke tsayawa suna tayar da hayaƙi, kada ta kalli kwata ko mai suya. A ɗaga ta sama, a sa mata ragar sauro da soso mai tace ƙura wanda za a iya cirewa a wanke, balle in hunturu ya shigo daga Disamba. Na'urar tace iska da ake tallatawa tana kama ƙura in matatarta ta gaske ce, amma ba ta cire ko ɗaya daga iskokin nan biyu da muka yi magana, don haka ba ta maye gurbin taga.

Kula da AC ɗin kanta ba wuya. Ka ɗaga murfin gaba ka zaro ragar. A shagon ɗinki za ka tarar da ita ta yi kauri da gashin yadi, toka-toka, kana iya ɓare shi da yatsa. Kamfanonin da ke ƙera su kan ce a wanke duk mako biyu, ni a wurin tela duk mako nake cewa, a ɗora wa yaro guda, ranar da aka sani. Ruwa da ɗan sabulu, ta bushe a inuwa, a mayar. Sai ka haska tocila ta inda sanyi ke fitowa ka dubi doguwar fankar da ke ciki. In ka ga baƙin ɗigo-ɗigo, funfuna ce, kuma ita ake hura muku. Damshin Legas, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, shi take so. Duk wata uku mai gyara ya zo ya wanke ƙarafan sanyin da fankar da tiren da ruwa ke taruwa, ya busa bututun fitar ruwa. Ka tsaya a kansa. Da yawa abin da suke kira sabis shi ne su goge murfi su ce gas ya ragu. Gas ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, in ya ragu to yoyo ake yi, a nemo wurin a toshe. Silin da ya yi tabon ruwa shi ma a gyara rufin a canza shi, fenti ba ya kashe funfuna.

Sauran ƙananan abubuwa: a daina goge tabon mai a yadi da fetur, akwai sinadarin benzin a cikinsa mai jawo kansar jini, ga haɗarin gobara kusa da dutsen guga. A daina fesa fiya-fiya da maganin sauro ana ciki. Turaren wuta da na fesawa rufe wari suke yi, ƙari ne a kan abin da huhu ke fama da shi. Shara a yi ta da jiƙaƙƙen tsumma bayan an tashi, ba da tsintsiya ana tsakiyar aiki ba.

Takardar da kamfanin ke nema kuwa, in ka bi abin da ke sama ka riga ka yi rabinta. Akwai masu sayar da irinta a shirye, a canza suna kawai a buga hatimi. Ban ba ka shawarar saye ba, don ranar da kamfanin ya turo mai dubawa ya ga takarda na maganar abin da babu a shagon, kwangilar ce za ta tafi. Ainihin aikin shi ne ka zagaya shagon a mafi munin lokacinsa, ƙarfe uku na rana, babu wuta, inji na aiki, kowa na nan. Ka rubuta kowane abu da zai iya cutarwa, wa zai cutar, me ake yi a kai yanzu, me ya rage a yi, wa zai yi, zuwa yaushe. Ka tambayi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban juna ba, don yaro mai koyo ba zai ce kansa na ciwo a gaban maigida da manyansa ba. Ka lura da waɗanda abin ya fi saurin kayarwa: mai asma, mai sikila, mai ciwon zuciya, mace mai juna biyu in akwai, da masu kwana a shago.

Yawancin kamfanoni na son a ba kowane haɗari maki: yiwuwar faruwarsa daga 1 zuwa 5, munin sakamakonsa daga 1 zuwa 5, a ninka. Janareto a lungu, tun da har wani ya faɗi, yiwuwa 4, muni 5, ka sami 20, aikin yau ke nan. Bayan an mayar da shi keji a fili an kafa ƙararrawa, yiwuwa ta sauko 1, maki ya koma 5. Ƙurar yadi wataƙila 4 sau 2. Lambobin ba wahayi ba ne, amfaninsu su nuna maka inda kuɗi zai fara zuwa. Kuma mai dubawa da ya san aikinsa zai duba ko ka fara da kawar da haɗarin ne, ko ka tsallake ka raba takunkumi ka ce an gama. Kayan kariya su ne matakin ƙarshe. Ka haɗa da abin da bai shafi iska ba: wayoyin wuta, abin kashe gobara, allura da almakashi, ajiyar fetur, da ƙofar fita ta biyu wadda ba a sa mata kwaɗo ana ciki. Ka sa hannu da kwanan wata, ka ajiye ɗan littafi da ake rubuta ranar wanke raga da ranar zuwan mai gyara. A sake duba takardar duk shekara, da duk lokacin da aka ƙara mutum ko inji, da kuma kafin aikin Sallah ya kankama.

In kamfanin ya nace sai da awo na ƙwararru, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Jihar Legas, wadda aka kafa da dokar 2011, ita ke kula da lafiyar wuraren aiki a jihar, LASEPA kuma, hukumar kare muhalli ta jihar, ke duba hayaƙi da ƙarar janareto, sai ka nemi wanda suka amince da shi. Ka ce a auna lokacin da inji ke aiki kuma shago ya cika, awon safiya da ƙofa a buɗe ba ya nuna komai. Wataƙila su tambaye ka rajistar NSITF ma, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, inda wanda ya ɗauki ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi.

Bayan gyara ka ba shi mako biyu kana tambayar ma'aikata. Wanda ciwon kansa bai tafi ba ya ga likita, a duba hawan jini da ido, don ɗinki na cin ido. Wanda kuma tari ya wuce masa mako biyu, ko yana ramewa yana zufan dare, a tura shi gwajin tarin fuka ba tare da ɓata lokaci ba. Ɗaki rufaffe mai cunkoso shi ne inda cutar ta fi yaɗuwa, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati.